Minti Shidan Da Na Sato Wa Sharhabil

Assalamu alaikum, mutanen wannan shafi. Sati uku ban leƙo ba, na kuma ga saƙonninku, har da na baiwar Allah da ta ce ko an ɗaura ne na ƙi gayyatar ku. Ba a ɗaura komai ba. Buɗe wayar nake ina rufewa, don abin da zan ba ku yau ba zai ƙara mini daraja a idonku ba. Wadda za ta zage ni bismilla, amma ta sani na riga ta.

Ga wadda yau ta fara karantawa, sunana Umaima, gidanmu yana Unguwar Dosa a nan Kaduna. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin jiragen sama da ba zan faɗi sunansa ba, a ofishinmu na filin jirgi. Ni ba na tashi sama, ko mota ban iya tuƙawa ba. Aikina tsara tafiya ne. Kafin jirgi ya tashi ni nake fitar da hanyar da zai bi, da yawan man da za a zuba masa, da gudun da zai yi, shugabana Malam Hamisu ya duba, kyaftin ya sa hannu. Sharhabil kuwa mataimakin matuƙi ne a kamfanin. Shi nake so shekara ɗaya da rabi ke nan, kuma har ranar da zan ba ku labarinta Abba bai taɓa sa shi a ido ba.

Ba ƙin sa Abba yake yi ba, kada ku ɗauki alhakinsa. Abbanmu ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati, kuma abin da yake alfahari da shi ba muƙami ba ne, cewa yake bai taɓa makara ofis ba ko sau ɗaya. Mutumin da in ya ce a fito ƙarfe bakwai, bakwai da minti ɗaya sai dai ki hango ƙurar motarsa. Ya ce yana son ganin yaron da idonsa, a gaban yayansa Baffa Datti, kafin ya ba da izinin a turo magabata. Sau biyu ana sa rana. Ta farko aka canza wa Sharhabil aiki da safiyar ranar. Ta biyu jirginsu ya samu matsala a Fatakwal, ya kwana can. Sau biyun nan Baffa Datti, da tsufansa da ciwon idonsa, yana tuƙo mota daga Zariya, ya ci abincin rana, ya sha zoɓo, ya juya.

A ta ukun Abba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Ranar Asabar, ƙarfe huɗu da rabi. In ya zo, ya turo. In bai zo ba, Umaima, kada ki sake kawo mini sunansa falon nan."

Sharhabil ya nemi hutun ranar bai samu ba, amma aka ba shi tafiyar safe, Kaduna zuwa Legas ya dawo, zai sauka biyu saura kwata. Ni ma ina da aiki har ƙarfe uku. Muka ce ai lokaci ya ishe mu har ya yi saura. Tun ranar Alhamis aka zana mini lalle, ja a yatsu, baƙi a bayan hannu. Atamfata sabuwa mai ruwan zuma tana rataye a ɗaki a goge. Umma ta jiƙa shinkafar masa tun Juma'a, ta aika Babbar Kasuwa aka sayo kabewa da tantaƙwashi. Shi kuma ya nuna mini hoton farar shaddarsa a kujerar bayan motarsa, da hula zanna a cikin leda, ya ce a filin jirgi zai sauya kaya.

Sai jirgin ya makara a Legas. Ba wani abin tashin hankali ba ne, taya ce aka ga ya kamata a canza, sai jiran injiniya, sai jiran layin tashi. Ina zaune ina kallon allo lokacin tashinsu yana ja da baya kamar ana yi mini da gangan. Ba su bar ƙasa ba sai biyu da minti ashirin, kwamfuta ta nuna za su sauka uku da minti talatin da biyar.

Na ja takarda na yi lissafi a gefe. Kafin fasinjoji su fita, ya miƙa takardu, ya sauya kaya, minti ashirin. Daga filin jirgi, a bi ta Mando, a isa ƙofar gidanmu, minti arba'in in hanya ta yi kyau. Huɗu da minti talatin da biyar ke nan. Makarar minti biyar. A wani gidan ba wanda zai ɗaga kai ya dubi agogo. A gidanmu agogon yana saitin kujerar Abba.

To a nan sai na ɗan yi muku karatu, ku yi haƙuri, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na aikata ba. Mutane suna zaton jirgi yana tashi sai matuƙi ya take shi iya ƙarfinsa. Ba haka ba ne. In jirgi ya yi gudu sosai, mai yake sha kamar ba gobe, kuma abin da zai rage na lokaci ɗan kaɗan ne. In kuma ya yi ta jan jiki don tattalin mai, kowane minti da ya ƙara a sama shi ma kuɗi ne, don da awa ake biyan hayar jirgin, da awa ake ƙirga lokacin da za a kwance inji a duba, ga alawus ɗin ma'aikata, ga fasinjan da zai rasa wani jirgin. Sai kamfani ya auna tsadar minti ɗaya da tsadar kilo ɗaya na mai, ya fitar da wata lamba. Mu a ofis lambar gudu muke ce mata. Matuƙi zai shigar da ita a kwamfutar jirgi, ita kuma ta zaɓi gudun da ya dace. Lamba ƙarama, tafiya a hankali da tattalin mai. Lamba babba, gudu da shan mai. Tun da man jirgi ya yi tsada tamu ba ta wuce goma sha biyu. Ranar da na fara aiki Malam Hamisu ya ce mini ba gudu muke sayarwa ba, kuma ba rowar mai muke yi ba, tsakiya ake nema, kuma duk wanda ya taɓa lambar nan to ya taɓa abin da ke cikin tanki.

Man ma ba haka kawai ake ɗura shi ba. Akwai na tafiyar kanta. Akwai na zuwa wani filin in wannan bai sauku ba, mu Abuja ce tamu. Akwai na minti talatin na ƙarshe, wanda ba a yarda a taɓa ba sai in abu ya ɓaci. Sai ɗan ƙari na jira a sama. Ranar nan, saboda watan Agusta ne kuma an yi hasashen ruwa, ni da hannuna na sa musu ƙarin minti goma sha biyar. Duk wannan lissafin a kan lamba goma sha biyu aka yi shi, a kan shi aka zuba mai, aka rufe tanki. A sama kuwa babu gidan mai.

Ana iya ƙara lambar in jirgi ya makara, ba haramun ba ne. Amma sai Malam Hamisu ya amince, sai an sake lissafin mai, kuma daga kwamfutarsa kaɗai saƙon yake fita zuwa allon matuƙa. Na san in na tambaye shi abin da zai ce. Zai dube ni ta saman tabarau ya ce wane fasinja ne zai rasa jirgi a Kaduna, ni kuma na san babu ko ɗaya.

Biyu da minti ashirin da biyar ya miƙe ya ce makarar nan ta sa har azahar ta kusa wuce shi. Ya ɗauki butarsa ya fita. Kuma ya bar kwamfutarsa a buɗe, yadda muke yi kullum in ɗaya zai je salla, don kada saƙo ya shigo a rasa mai amsawa. Shekara biyu muna haka, ba wanda ya taɓa cin amanar wani.

Wallahi na daɗe ina kallon kujerar nan. Wayata ta yi ƙara, Yaya Nusaiba ce, babbar yayata da ta zo taya Umma aiki. "Baffa ya iso. Ya ce yau dai Allah ya sa ba zoɓo kaɗai ya kawo shi ba." Ta sa alamar dariya. Ni ban yi dariya ba.

Na duba taswirar yanayi, na ga hadari yana haɗuwa can gabas da gari. Maimakon ya tsorata ni, sai shaiɗan ya mayar mini da shi hujja. Na ce ai in suka yi sauri ma za su riga ruwan sauka, taimakon kowa zan yi. Kun ji yadda mutum yake yi wa kansa ƙarya da idonsa biyu. Na tashi na zauna a kujerar Malam Hamisu, da ɗuminta da komai, na rubuta cewa kamfani ya amince a ƙara lambar gudu zuwa saba'in don a rage makara. Da yatsuna masu jan lalle na danna madannan. Na tura.

Ba a yi minti biyu ba amsa ta dawo daga Kyaftin Jamilu, babban matuƙin jirgin, kalma ɗaya, ya karɓa. Ba laifinsa. Ya duba ya ga man zai kai, rahoton Kaduna a lokacin sarari ne tas, saƙon kuma da sunan mutumin da ya yi shekara ashirin yana yarda da shi ya zo. Lokacin sauka a allo ya koma uku da minti ashirin da tara. Minti shida. Duk abin da na samu ke nan, jama'a, minti shida. Na koma kujerata na lissafa abin da na biya, na ga gudun zai cinye kusan rabin man jiransu. Goma sha biyar ta koma takwas. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin jakata.

Malam Hamisu ya dawo gemunsa da sauran danshin alwala, ya ajiye mini ƙullin gyaɗa a tebur, ya ce amarya ba za ta tafi ba, uku ta kusa. Na ce zan ɗan jira su sauka. Ya yi murmushi irin na manya ya ƙyale ni. Wannan murmushin har yau in na tuna shi sai na ji kamar in nutse.

Uku da kwata gari ya canza. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso tana kwasar leda da ganye tana maka wa tagoginmu. Uku da minti ashirin ruwa ya kece, irin wanda ba ka ganin motar da ke gabanka. Wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa. Hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka da tashi ta sanar an dakatar da sauka, masu duba yanayi suka ce zai ɗauki kamar minti ashirin zuwa ashirin da biyar kafin ya wuce.

Malam Hamisu ko a jikinsa. Ya ɓare gyaɗa ya ce ba komai, mutanenmu sai talatin da biyar za su iso, ga man jira na kwata guda, za su ɗan zaga ruwan ya wuce su sauka. Har ya yaba mini da na sa ƙarin. Sannan ya juya ya dubi allon da ke nuna inda jirage suke. Ɗan jirginmu mai ruwan ɗorawa ya riga ya iso kudu da gari.

Ya daina tauna. Ya gyara tabarau. "Wannan jirgin, yaya aka yi ya zo nan yanzu?"

Ya jawo kwamfutarsa ya buɗe saƙonnin da suka fita, ya karanta, ya sake karantawa. Bai juyo ba ma, ya ce a hankali, "'Yata, nawa ya rage musu?"

"Minti takwas, Malam."

Ya cire hularsa ya ajiye a tebur. Tunda nake ban taɓa ganin kansa ba hula ba.

Sai rediyon ofis ya yi ƙara, muryar Sharhabil ta fito. Shi ke riƙe da magana ranar, kyaftin yana tuƙi. Muryar nan da take kira na da asuba ta ce in tashi salla, ita ce take karanto mana adadin man da ke tanki a nutse, kamar mai karanta labarai. Ya ce suna zagaye a kudu, za su iya jira har uku da talatin da bakwai, in ba a buɗe ba za su wuce Abuja. Malam Hamisu ya amsa masa, muryarsa ba ta nuna komai ba.

Na ƙura wa taga ido ina roƙon Allah ya tsaga ruwan nan. Wayata tana ta haske a kan tebur, saƙonnin Yaya Nusaiba ne. "Ina kike ne? Umma ta sa turare sau biyu." Wani saƙon ya sake shigowa. "Abba ya sa babbar riga ya zauna tun yanzu." Ɗan jirgin yana ta zana da'ira a allo, zagaye ɗaya, zagaye biyu. Talatin da bakwai tana cika ya miƙe ya nufi Abuja.

Uku da minti arba'in da uku ruwan ya tsagaita kamar an rufe famfo. Hasumiya ta ce an buɗe sauka.

Ku lissafa da kanku. Da na bar lambar nan yadda take, da sun iso talatin da biyar, su jira minti takwas cikin sha biyar ɗinsu, su sauka lafiya. Gudun da na sa su ne ya kai su cikin ruwan da wuri, kuma shi ya cinye man da za su jira da shi. Na ce wa Malam Hamisu ko za su juyo, ai ba su yi nisa ba. Ya ce matuƙin kirki ba ya juyowa, in suka dawo ruwan ya sake rufewa sun rasa nan sun rasa can.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, Sharhabil ya rasa zuwa gidanmu, na rasa shi. Har na fara kukan wannan. Ashe ban ga komai ba. Jelar hadarin ta kwanta a kan hanyar Abuja, dole suka karkata yamma don su kewaye ta, kowace karkata kuma mai ce. Malam Hamisu ya kira ofishinmu na Abuja, aka ce masa can ma an yi ruwa, jirage huɗu suna layi a sama suna jiran sauka. Ya ajiye wayar a buɗe a kan tebur, ya turo mini takarda da biro.

"Lissafa mini. Ƙarfe nawa za su taɓa na ƙarshen?"

Na ce ba zan iya ba, hannuna rawa yake.

"Da kika tura saƙon ai ya iya. Lissafa."

Na lissafa, hawaye yana ɗiga a kan takardar. Huɗu da minti biyar za su shiga minti talatin na ƙarshe. Bayan wannan babu komai, sai iska a tanki.

Tsoro iri-iri ne, 'yan uwa, amma ban taɓa sanin irin wannan ba. Takardar fasinjoji tana gabana, ni na buga ta da rana. Mutum tamanin da huɗu. Jarirai uku. Wata tsohuwa da aka nema wa keken guragu, daga asibiti aka sallamo ta za ta koma gida. Ma'aikata biyar. Na tuna mahaifiyar Sharhabil a Rigasa, wadda ta ce mini duk ranar da yake sama ba ta iya cin abinci sai ya kira ta, shi kaɗai Allah ya bar mata. Duk waɗannan na ɗauka na sa a kan faranti don kada Abba ya dubi agogo ya ɓata rai.

Huɗu saura minti biyu ɗan jirgin ya tsaya cak a allo, sannan ya ɓace. Na san hakan yana faruwa, akwai wuraren da na'urar ba ta kamawa, na sha gani ban damu ba. Amma ranar nan sai na ji wani sauti ya fito daga maƙogwarona wanda ban san ina da shi ba. Malam Hamisu ya ce in yi salati in natsu. Shi kansa carbinsa a hannu yake, amma ba ja yake ba, damƙe shi ya yi. Minti uku allon nan ba komai. Na yi wa Allah alkawura a cikin minti ukun nan da ban san ko zan iya cikawa ba.

Jirgin ya sake bayyana, ya kusa Abuja. Abokin aikinmu na can ya ce kyaftin ya sanar da hasumiya mansa ya yi ƙasa, an janye sauran jiragen an ba shi gaba. Huɗu da biyar ta wuce. Da shida. Da takwas. Huɗu da minti goma sha biyu muryar da ke cikin wayar ta ce sun taɓa ƙasa.

Ban san lokacin da na zame daga kujera na zauna a kan siminti ba. Malam Hamisu ya yi hamdala sau uku, ya mayar da hularsa. Ya bar ni na yi kukana, sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi katin aikina. Ya ce shi zai rubuta nasa laifin na barin kwamfuta a buɗe, ko da kuwa shi zai ci aikinsa shekara biyu kafin ritaya. Ni ma in rubuta nawa yanzu da hannuna, kafin kyaftin ya rubuta nasa.

"Kuma kada in ga kalmar kuskure a ciki," in ji shi. "Kuskure daban, wannan daban."

Ina cikin rubutun saƙo ya shigo daga Sharhabil. Ba sallama, ba sunan da ya saba kira na da shi.

"Mun sauka. Malam Hamisu ba zai taɓa sa saba'in a wannan hanyar ba. Ke ce?"

Na rubuta dogon bayani na goge. Na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na tura, "Ni ce."

Alama biyu suka koma shuɗaye nan take, ya karanta ke nan. Na ga yana rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Har na fito na samu mota, har muka kutsa ta ruwan da ya kwanta a Mando, har Kawo, wayar tana tafin hannuna, bai ce komai ba.

Shida saura na isa gida, da rigar aiki a jiƙe, idanuna sun kumbura. Na shirya tarar da falo ba kowa da fuskar Abba a murtuke. Sai na ga motar Baffa Datti a ƙofar gida, murfin gabanta a ɗage. Yaya Nusaiba ta tare ni a zaure tana raɗa, wai ruwa ya cika layinmu har ya shiga injin motar ta ƙi tashi, Baffa a nan zai kwana. Wai bishiyar maƙwabta ta faɗa kan katanga, Abba da kansa ya fita ya gani, ya dawo yana cewa yau duk wanda ya makara ba a tuhumarsa. Da Sharhabil ya zo ƙarfe biyar ma, da hannu biyu za a karɓe shi. Ta ce in share fuskata, abin ya zo da sauƙi.

Falon yana ƙamshin turaren Umma, kulolin masa a jere a kan leda ba a taɓa na baƙo ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su. Baffa Datti ya dube ni da idonsa mai yana ya ce kai, yarinyar nan ta sha kuka, a tausaya mata mana. Abba ya yi gyaran murya. Ya ce Nusaiba ta gaya musu an karkatar da jirgin Abuja, iyakar abin da na iya rubuta mata a hanya ke nan. Ya ce shi mutum ne mai son lokaci, amma ba azzalumi ba ne, ruwan sama ba a hannun kowa yake ba, wannan karon bai ƙirga shi ba. Umma tana daga bakin labule, na ji ta sauke ajiyar zuciya.

"Kira mini shi," in ji Abba. "Ki sa yadda Baffanki zai ji. Tunda ido bai gana ba, kunne ya gana."

Na so in ce wayarsa a kashe take. Na so in ce cajina ya ƙare. Amma ƙaryar da na yi ta yini ta ishe ni. Na danna lambarsa na ajiye wayar a kan darduma tsakanina da su, ina addu'ar kada ya ɗauka. Ta yi ƙara sau huɗu ya ɗauka.

Abba ya yi sallama ya faɗi ko shi wane ne. Na ji muryar Sharhabil ta sauya, ya gaishe su da ladabi, ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi hanya, ya ba da haƙurin rashin zuwansa. A bayansa ana jin hayaniyar filin jirgi. Baffa ya gyaɗa kai, alamar gaisuwar ta yi masa.

"Babu komai, ɗana," in ji Abba. "Mun ga ruwan da idonmu. Ai shi ne ya hana ku sauka, ko ba haka ba?"

Shiru. Abba ya dubi wayar, ya ɗauka layin ne ya yanke. Bai yanke ba, ina jin numfashinsa. Ba zai yi wa mahaifina ƙarya a maganarsu ta farko ba, kuma ba zai tona ni da bakinsa ba. Ya bar mini wurin ne, yana jira ya ji wace ce yake shirin aura.

"Sharhabil, kana ji na?" Abba ya sake cewa.

Na ɗago kaina. Umma tana girgiza mini kai daga bakin labule, ba ta san komai ba, fuskata kawai ta gani.

Na ce, "Yana ji, Abba. Ba ruwa ba ne. Ni ce."